Na Jera Injunan Yaya Rabi

Da Yaya Rabi ta sayo injunan man gujiya daga Maraɗi, ni ta ba amanar jera su. Hannu a ƙugu, na sa aka jera su daga dogo zuwa gajere. Wallahi sun yi kyau, har daga Safo aka zo kallo.

Ana tada su, injin ɓara ya shiga hura ɓawo cikin daron mai da ke gefensa.

Yaya, wadda tallan ƙuli-ƙuli ya kai ta wannan matsayi, ba ta ɗaga murya ba. Ta tace manta tsaf, ta ce, "Ƙanena, mai hoto ya kamata ka zama."

Har yau duk bikin da za a ɗauki hoto a Madarunfa sai an ce, "Ku kira shi ya jera mu."