Rauda Za Ta Burazil Tantance Dangin Tsuntsu

"Lafiya lau, sai kewar amaryar da ta yi mini yaji," in ji Malam Kailani, yana gyara zama kan buzunsa a zauren gidansa da ke Tudun Wada.

Jikarsa Rauda ta dire masa kwanon fura. Ta samu gurbin ƙaro karatu a Burazil, amma mahaifinta ya ce ba inda za ta sai kakanta ya amince. Ta san in ta zo masa da ladabi wa'azi za ta sha, don haka ta zo da tsiya.

"Yajin ma somawa na yi, tsoho. Ƙasar zan bar maka."

"Na ji labari. Wai wane ne ya ƙwace mini mata?"

"Wasu 'yan tsuntsaye ne, ana kiransu tanaja. Ga kyau, ga murya, ba irin taka mai korar yara daga masallaci ba."

"Tsuntsu! Duk tattabarun Zariya ba su ishe ki ba? Me za ki yi musu, wankan jego?"

"Danginsu zan tantance. Da can masana sun haɗa wasu gida ɗaya don bakinsu ya yi kama. Da aka gwada ƙwayoyin halittarsu, sai aka ga ashe ba ma taubasai ba ne. Yanzu ana sake raba kowa da gidan ubansa."

Malam ya tafa hannu yana salati. "Ashe gidan tsuntsaye za ki je ki raba zumunci! Suna zaman lafiya, kin ɗauko jirgi za ki gaya wa wani ba ubansa ne ya haife shi ba. To zauna in ba ki ilimin kyauta. Tsuntsu kashi biyu ne: wanda nake ci, da wanda ke cinye mini gero."

"Jemage fa?"

"Wannan dangin kakarki ne ta wajen uwa."

"Zan gaya mata! Kai ma an daɗe ana lissafa ka cikin malamai don rawani. A cire rawanin a ga sanƙon nan, wallahi gidan ungulu za a mayar da kai."

"Ni? Ni da 'yan matan Hanwa ke leƙe ta taga in na wuce?"

"Sandarka suke dubawa, kar ka faɗa musu kwata."

Dariya ta ƙwace masa har fura ta sarƙe shi. Rauda ta matsa tana bubbuga bayansa. Da tarin ya lafa sai ya mai da dubansa ga ƙofa.

"In kin dawo kin tarar babu angon fa?" ya ce a hankali.

"Kai da ka ƙi tafiya tun zamanin Turawa? Don ka hana ni auren saurayi ma sai ka jira."

"Ja'ira!" Ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan ƙaramin agogon alƙibla da ya sayo a Makka, duk ya goge don tsufa. "Ungo. A dajin Burazil ɗin can ba ladan, kuma ban yarda tsuntsun da bai san ubansa ba ya nuna miki gabas. Je ki ce wa ubanki na sallame ki. Allah ya tsare."

Rauda ta damƙe shi da hannu biyu, idonta ya cika. "Amin, Malam. Me zan kawo maka tsaraba?"

"Mai kyan cikinsu guda ɗaya," in ji shi, yana jawo kwanon furarsa. "Soyayye."