Munsharin da Kasuwar Illela Ta Ji

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da wani direban Malbaza ya tsaya ƙofar gidana a Ƙonni ya ce Abarshi ya rasu ba. Na yi salati, na zauna. Kuma ina jin kunyar faɗa, abin da ya fara zo mini a rai munsharina ne.

Abarshi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tare muka fara sana'ar shela, muna tallata wa 'yan kasuwa sabulu da shayi da atamfa. Da baki muka soma, sai lasifika a kan keke, har muka kai ga tsohuwar mota da masu shela biyar. Amma ni ban yarda da bakin kowa ba. Kowace kasuwa sai na je da kaina, Tsarnawa yau, Bazaga gobe. Muryata ta dushe, abinci ma a tsaye nake ci.

"Kai, ka huta mana," in ji Abarshi. "Jakin amalanke ma ana kwance mai."

Ban ji ba. Shi ya gane sana'ar za ta kashe ni, ya nemo wani Alhaji mai motocin haya daga Tawa da zai saye ta. Alhaji ya ce sai ya ji aikinmu da kunnensa a kasuwar Illela. (Da na bar yaran sun yi, da ba ku ji wannan labarin ba.)

Bayan azahar ne, muna tallar maganin sauro. Ina cikin mota, makirfo a bakina, na ce bari in ja numfashi. Iyakar abin da na sani ke nan.

An ce munsharin ya kai har wajen 'yan awaki. An ce wata mai fura ta tambaya, "Raƙumin wa aka yankawa?" Alhaji yana tsaye yana sauraro. Sai Abarshi ya zare makirfon daga hannuna a hankali.

"Jama'a, kun jiya? Wanga shi na barcin wanda sauro bai ciza ba! Ku zo ku sayi naku!"

Dariya ce ta tashe ni. Na buɗe ido, miyau a haɓata, fuskoki cike da tagar mota. Kafin la'asar maganin ya ƙare kaf. Alhaji ya ce ya sayi sana'ar, ya nuna ni da carbinsa: "Wancan kuwa ya tahi gida ya kwanta."

Kowa ya san ba a fushi da wasan taubashi. Ni na yi. A gaban yaranmu na ce masa, "Ka maishe ni abin dariya."

"Haba taubashi," ya ce, "ni na fisshe ka."

Na juya na tafi abina. Ya koma noma a Malbaza, na zauna Ƙonni na yi ƙiba. Duk damina sai ya aiko mini da kwalin maganin sauro, ba saƙo, ba gaisuwa. Na san tsokana ce, na san jiran raddi yake yi. Kullum ina cewa sai baɗi.

Abin da na koya dai shi ne, in mutum ya hana kansa barci a gida, zai yi shi a kasuwa, da lasifika. Kwalin bana yana nan kan kanta, ban buɗe ba. Har yau ban ce masa na gode ba.