Kwakwar da Garba Ya Kawo

A kan gireba muka ɓata da Garba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tare muka tako daga Kazaure har Makka. Wata Sallah, a gaban matan unguwarmu Jarwal masu sayen girebata, ya ɗauki guda ya ce da ita ya kamata a je Mina jifan Shaiɗan. Na ce bakinsa da abin hannuna har abada.

Sai ga shi wata hantsi bayan alhazai sun watse, yana sallama yana tambaya ko tsohuwar gidan ta mutu a raba tukwane. Na ce tana nan, zanen zuwa ta'aziyyarsa take wankewa.

Ya zauna a bakin ƙofa ya ce gida zai koma, jibi ayarinsu zai sauka Jidda. Tsoho irin Garba in ya haye ruwa ba dawowa zai yi ba, duk mun sani. Guzuri ya zo nema da gafara, amma na farkon kawai bakinsa ya iya faɗa. Ya zaro wani abu mai gashi daga buhu.

"Kwakwa ce. Wani alhajin ƙasar Jawa ya ba ni. Matansu na sa ta a irin abin nan naki, sai dai nasu yana taunuwa."

"Da wane haƙorin?"

Sunanta na sani, ban taɓa riƙe ta ba. Na girgiza ta a kunne yadda nake gwada ƙwai, na ji abu yana kaɗawa a ciki.

"Baragurbi ka kawo mini, Garba."

Ya rantse lafiyarta ƙalau, amma da na ɗauko taɓarya shi ya fara toshe hanci. Na kawar da kai, na buga.

Ruwa ne ya zubo a ƙwarya, garau, ba wari. Na juya ɓawon ina neman inda aka ɗura shi, ba ƙofa ba ɗinki. Cikin kuwa fari fat. A garin da muke wuni jiran mai ruwa, ga shi an rufe wani ruwan a kan itace, ya ƙetaro teku bai zube ba. Na kurɓa na miƙa masa. Muka yi ta tasbihi.

Na huhhuda murfin gwangwani da ƙusa na goge kwakwar, na cuɗa da garin alkama da man shanu da sukari. Na zuba yashi a tukunya na jera girebar a faranti a kai, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Garba na fifita wuta yana cewa a gajarta masa wahala a ba shi yashin kawai.

Da na buɗe, ƙamshin ya sa ni kaina na ja da baya. Shekarun nan duka ban taɓa gasa mai irin wannan launi ba. Ya sa guda a baki, ta narke a dasashinsa. Ya yi dariya har ido ya kawo ruwa.

"Rabi'atu, kin ci ni. Ki yafe mini."

Na ƙulle nasa a tsumma, na ƙulle wani ƙarami daban na ƙanwata Hauwa, wadda na baro tana budurwa.

"Na yafe rabi. In ka kai wa Hauwa nata ba ka gutsura ba, ta yafe maka sauran a madadina."