Yadda Ake Mayar da Yayen Mako Ɗaya Ya Koma Wata Uku

Ƴar'uwa, idan rabonki da sallar da babu mai hawa bayanki a sujada ya kai shekara, idan wanka ma da kunne ɗaya a waje kike yin sa, to zauna ki karanta. Ni Rabi'atu ta Dantchiao, uwar yara uku, na gwada wannan hanya a kan autana Anas. Na yi miki alkawarin barcin rana da tuwo mai zafi, muddin kika bi matakan nan ba tsallake.

1. Zaɓi kaka mai nisa

Kowa ya san in za a yaye yaro gidan kaka ake kai shi. Abin da ba a gaya miki ba, kaka kala biyu ce. Uwar mijinki da kuke gida ɗaya ba ta cikin lissafi, domin da yaro ya tsala kuka sau biyu za ta miƙo miki shi ta kan danga. Taki uwar za ki nema, musamman in tana can wajen Guci, inda yashi ke kayar da ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Masana sun tabbatar, kukan da ba ki ji ba bai taɓa tayar miki da hankali ba.

2. Ki ce mako ɗaya

Kada ki ɗaure ƙunshi babba, za a gane ki. Riga biyu, garin kunu, sai karne, wato katin rigakafinsa. Ki durƙusa ki ce, "Inna, kwana bakwai dai, ya manta da nono."

Tawa innar, Bintu, ko kallona ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Miƙo mini angona. Ke me kika sani a raino? Dubi wuyansa duk ya zama sili."

Kada ki musa, ko da kumatunsa sun fi naki. Ki sunkuyar da kai ki amsa laifi, hutunki ne ake sa wa hannu.

3. Kada ki waiwaya

Ki bari a kai shi bayan rumbu ganin ɗan akuya, sannan ki sulale. An yarda ki yi kuka a kan babur har zuwa babbar hanya. In ɗan kabu-kabu ya tambaya, ƙwaro ne ya faɗa miki ido.

4. Ki huta, amma a ɓoye

Nan mata da yawa ke faɗuwa. Kwana biyu kacal sai a gan su da lalle har idon sawu, suna dariya a bakin rijiya. Maƙwabciya irin tawa Fadi tana gani za ta ce, "Ashe dai yaye ya karɓe ki," kafin la'asar magana ta kai kunnen surukarki. Ki riƙa fita da fuskar mai kewa, kina cewa, "Wallahi ɗakin ya yi mini faɗi." Ƙarya ce a makon farko. Daga baya za ki ji bakinki yana faɗa ba ki sa shi ba, wannan kada ki kula.

5. Ƙara wa'adi

Damina ba ta rowar dalili. Shuka, noman farko, maimai, ga manyan yaran na lakwal, wato makaranta, babu mai yi musu abinci. In Inna ta kira ta ce, "Yaushe za ki zo?" ki ce, "Alo? Inna? Rezo ya ɗauke," ki kashe. Wajen mako na biyar za ta daina tambaya gaba ɗaya. In kika ce a ba ki shi ku gaisa, za ta ce yana wasa. Wannan alamar nasara ce, ni ma haka na ɗauka.

6. Ranar ɗaukowa

Ki tafi da biskit da sabon takalmi. Za ki tarar ya yi ɓul-ɓul, ya iya kiran kaji, yana magana irin ta tsofaffi. Ki buɗe hannu ki ce, "Taho, Anas."

Mai yiwuwa ya tsaya ya ƙare miki kallo, ya zagaya bayan kakarsa, ya kama zanenta ya ce, "Inna, baƙuwa."

Inna za ta kwashe da dariya ta ce, "Gaishe ta mana, Rabi ce."

Ke ma ki yi dariya, duk gidan dariya suke yi. Zuciyarki za ta yi zafi ƙwarai, ban samo maganin wannan ba tukuna.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya. Hutu na yi alkawari, kuma an samu. Kada wata ta zo nemana Dantchiao da ƙorafi, ba za ta ma same ni ba. Yau kwanana goma sha biyu a Guci, ni ce daka, ni ce ɗebo ruwa, ni ce wankin Inna, don na rantse ba zan ɗauke shi yana ihu ba. Ana dai samun ci gaba. Jiya ya yarda ya karɓi dafaffen ƙwai daga hannuna, ya ce, "An gode, Rabi," ya ruga ya kai wa Inna ta ɓare masa.