Rasuwar Kwamfutar Malam Sada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Sada, tsohon malamin gona da ke Dandume, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a hannun ɗansa Mahadi, shekarar da ya koma Legas da aiki. Tun daga nan ba ta taɓa yaji ba. Ta haddace lokacin shukar masara da na zuba taki, ta riƙe hotunan gona da na biki. Bayan rasuwar uwargidan Malam, Hajiya Hansai, ita ta rage mai motsi a gidan. Da safe takan gaishe shi da "tiriiin", ta wuni tana "fuuuu" da fankarta, shi kuwa yana ba ta labarin damina.

Ciwon ajalinta ƙoshi ne. Rumbun ajiyarta a rabe yake gida biyu. Ɓangaren da take aiki da shi ya cika maƙil, har numfashi yana yi mata wuya, ɗayan kuwa da sauran fili. Malam ya so ya matsar da katangar da ke tsakani don ta samu sarari. Ta ƙi. Duk sanda ya gwada, sai ta ce "ɗin!" ta tsaya cak, domin tsarinta bai yarda a taɓa ɓangaren da take tsaye a kai ba muddin tana kunne. Ba a sake ginin rumbu da hatsi a ciki.

Ganin tana wahala, ya tafi Funtuwa wurin Tajudeen mai gyara, wanda ya koya masa yadda ake tayar da ita daga filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata, a yi aikin tana barci. Ya dawo ya bi komai daki-daki. Aiki ya kai rabi, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, marigayiyar ta ce "ƙat, ƙat, ƙat", ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar firinta, injin buga takarda mai tari, da linzamin kwamfuta gurgu, da Malam shi kaɗai. Ta kuma tafi da amana guda: muryar Hajiya Hansai, wadda Mahadi ya ɗauka tana ɓare gyaɗa tana yi wa kaji faɗa. Babu muryar a ko'ina sai cikin rumbun nan.

Za a kai gawar shagon Tajudeen ranar Asabar a bayan babur, a raba sassanta ga mabuƙata. Rumbun kaɗai Malam zai dawo da shi gida. Ana karɓar gaisuwa a zaurensa bayan la'asar. Ba a buƙatar shinkafa ko goro. Sai dai duk matar da Hajiya ta taɓa aika wa saƙon murya, ko da na cigiyar akuya ne, ana roƙonta don Allah ta zo da wayarta.