Yadda Za Ki Auna Tsatsar Jinin Mijinki

Ke ɗalibar kimiyya, matso kusa. In kika bi matakan nan, na yi miki alkawarin sakamakon da babu farfesan da zai ja da shi. An gwada su a gabana. Ƙanwata Rakiya ce ta bi su a Unguwar Mu'azu, 'yan shekaru bayan soja sun koma bariki, lokacin tana neman digiri na biyu.

1. Ki san abin da kike nema

Hayaƙi in ya yi yawa a jiki, yakan sa wani sinadari ya manne wa furotin ɗin jini, ya bar tabo kamar tsatsa a kwanon rufi. Sunan tabon naitirotairosin. Ki haddace shi. Ko ba ki auna komai ba, faɗinsa a gidan biki yana sa a miƙo miki kujera.

2. Nemo masu shaƙar hayaƙi

Babu kamar 'yan acaɓa. Rakiya ta je tasharsu a unguwar Nasarawa da allura da kwalabe. Wani ya dube ta ya ce, "Madam, zaɓe ya kusa fa. Wannan jinin ba wa ɗan siyasa za a kai ba ko?"

Kada ki yi dariya. Ki nuna katin makaranta, ki sayi lemo.

3. Nemo masu tsabtataccen huhu

Dole ki sami waɗanda ba sa shaƙar komai, don ki gwada da su. Ki fara da mijinki, tunda ba shi da wurin gudu. Mijin Rakiya, Malam Tanko, akawu ne a wata masaƙa a Kakuri. Kullum da safe yakan fita da riga mai karin guga, wai zai wuni ƙarƙashin fanka.

"Baban Ummi, ba ni hannunka."

"Ni kuma? Mutanen gari sun ƙare ne?"

Ki danne hannun. Namiji in ya ga allura yakan tuna yana da uzuri.

4. Ki yi zumunci da mai firiza

Jinin da ya yi ɗumi ya tashi aiki, NEPA kuwa ba ta san kina karatu ba. Rakiya ta kai nata wajen maƙwabciyarsu Madam Comfort, mai janareto da sana'ar zoɓo. Ki rubuta wa kwalabenki suna da manyan baƙaƙe. Dalilin a bayyane yake.

5. Kada ki yarda da awon farko

Da sakamako ya fito, jinin Malam Tanko ya zauna daram a tsakiyar na 'yan acaɓa, har ya fi na wasunsu tsatsa. Rakiya ta zargi kanta, kuma da hujja. Akwai wani gishiri a jini da ake kira naitirait. In kika zuba asid ba ki wanke shi ba, tabon zai haihu a cikin kwalbar gwaji, ki ɓata wata guda kina auna ɓarnar da hannunki ya yi.

Ta wanke, ta sake ruwa, ta sake kwalabe, ta maimaita. Na sauran ma'aikatan ofis ya fito fes. Na mijinta ko gezau.

6. Ki yanke hukunci da wuri

Awo zai gaya miki akwai ɓarna, ba zai gaya miki mai ɓarnar ba. Wannan gurbin ke za ki cike shi da zato. Rakiya ta shinshina singiletinsa, ta ji ƙauri a ƙarƙashin turare.

"Baban Ummi, taba kake sha?"

Ya kalli tabarma ya ce, "Nakan ɗan taɓa."

Ta yi kuka, ta kwana biyu ba ta ce masa komai ba sai "ga abinci". Mijin da ya amsa laifi ba gardama, ki gode wa kimiyya, kada ki ƙara tambaya.

7. Ki ƙaro jini daga nesa

Malaminta ya ce 'yan acaɓan sun yi kaɗan, sai ta tafi har unguwar Romi, inda babu wanda ya san ta. Shugaban tashar, Sylvanus, ya jera mata mutanensa. Ana cikin haka wani ya sauke fasinja, fuskarsa naɗe da rawani, da wata leda ɗaure a bayan babur, gogaggiyar riga a ninke a ciki.

Sylvanus ya ɗaga murya. "Oga Tanko, zo ka ba likita hannu. Madam, wannan mutumin kirki ne, ba taba ba giya. Tun bara da masaƙarsu ta sallame su yake tare da mu."

Rakiya ta gane rigar kafin ta gane mai ita. Da hannunta ta goge ta da asuba.

Ya zo ya zauna a benci, ya sauke rawanin. A hankali ya ce, "Na so ki gama karatun tukuna."

"Ka gwammace in ɗauke ka mashayi?"

"Mashayin ai yana da ofis."

Ta ɗaure masa dantse. Sai da ta kuskure jijiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Daga yau a ƙofar gida babur ɗin nan zai riƙa kwana. Kuma na huta da guga."

8. Ki mayar da kowa layinsa

Ta ɗauke sunansa daga masu fanka ta sa cikin 'yan acaɓa, sakamako ya miƙe sambal. Ranar kare bincike shi ya kai ta a bayan babur, da ƙyallen rufe hanci da ta ɗinka masa. Farfesa ya tambaye ta yadda ta tabbatar awon nata ba ya ƙarya. Ta ce ta bi shi har inda yake aiki.

Gargaɗi: mai wannan rubutu malamin firamare ne, bai taɓa riƙe allura ba. Ba ruwansa da kuka, ko gaba, ko zoɓon da aka sha bisa kuskure. In kin san ba ki shirya jin amsa ba, ki ɗebi jinin mijin maƙwabciya.