Lemon da Ya Kwantar da Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwantar da mahaifiyata jinya alhali lafiyarta ƙalau.

Likita ne a Birnin Kudu ya ce jinina ya hau, in rage gishiri da kitse, in riƙa cin ganye da kayan marmari. Ganye ba matsala, ga zogale a bayan ɗaki. Amma a garinmu Yalwan Damai magidanci ba ya shigowa gari da ledar lemo da ayaba sai da azumi, ko in za shi dubiya. (Samarin yanzu suna shan kankana a bakin titi ko a jikinsu, mu kam ba mu taso a haka ba.)

Na sayo lemo da ayaba da kankana na ɗaure a bayan babur. A ƙofar masallaci maƙwabcina Malam Sabo ya tare ni.

"Malam, wa ba lafiya?"

Sai na ji nauyi a ce da furfurata ina tsotsar lemo kamar yaro. Na ce, "Inna ce, jikin tsufa." Abin haushin, na san sarai Malam Sabo ba ya riƙe magana.

Bayan la'asar na laɓe a bayan rumbu ina shan kankana, sai ga matan unguwa sun shigo dubiya, Liman da dattawa kuma suna zaure. Inna tana tsakar gida tana daka.

"Inna, ke da ba lafiya kike daka?"

"Wa ya ce ba ni da lafiya?"

"Ɗanki."

Aka kira ni. Na fito ruwan kankana na ɗiga a gemuna. Inna ta ajiye taɓarya, ta tasa ni gaba har zaure.

"Malam Liman, ga majinyacin. Ya rasa wanda zai yi wa fatan ciwo sai uwarsa, don kar a ce ya sha lemo."

Liman ya dube ni ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. "To, Allah ya ba da lafiya. Kawo maganin mu ma mu taɓa."

Suka shanye tas, sai ɓawo. Inna kuwa ta daɗe tana amsa gaisuwata da ka kawai.

Yanzu a ƙofar gida nake ɓare lemona, in an tambaya in ce nawa ne. Na gane gara a yi wa gemu dariya sau ɗaya da a taro gari guda a kan uwarka.